Fadamar Argungu: Ƙasa Ba Ta Ƙaru Ba, Masu Cin Ta Sun Ninka

Daga Augie zuwa Argungu, a gangaro Birnin Kebbi har Bunza da Suru, akwai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gulbi ke malala a kanta duk damina. Ita ce fadamar da ta riƙe Kabawa tun zamanin Kanta. Ruwan da ke raya ta ba ɗan gida ba ne. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya haɗu da Rima a kusa da birnin Sakkwato, sannan ya karkato kudu ya bi ta Argungu kan hanyarsa ta faɗawa Neja. Wannan nazari ya tsaya ne a ɓangaren Argungu da ƙauyukanta, irin su Gulma da Alwasa da Sauwa, kuma abin da yake bi shi ne yadda fadamar ta canza tun da masu neman abinci a cikinta suka yi yawa, alhali ita ba ta ƙara ko taƙi ɗaya ba.

Yadda ake cin ta a da

Mutum uku ne ke da haƙƙi a fadama, kuma kowa da lokacinsa. Da damina ta manomi ce. Yakan watsa shinkafar gargajiya, irin wadda kararta ke miƙewa tana bin ruwa duk yadda ya hau, a yanke ta bayan ruwa ya ja, wajen shigowar sanyi. Ana gama kwashe amfani sai Fulani su gangaro da shanu daga tudu, su ci ragowar kara da ɗanyar ciyawar da lema ta bari, su bar wa manomi taki ba tare da ya biya ko kwabo ba. Shi kuwa masunci ribarsa a malalar take. Kifi yakan bi ruwa ya shiga cikin ciyawa ya zuba ƙwai, 'ya'yan su girma a inda babban kifi ba ya isa gare su, in ruwa ya koma sai su taru a tafkuna da gurbobi masu zurfi. Waɗannan wurare Sarkin Ruwa ne ke rufe su. Ba mai jefa koma sai an yi gyaran ruwa, an yi fashin ruwa, an ba da izini. Bikin kamun kifi na Argungu da ake yi a gulbin Matan Fada, wanda ya samu siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, a kan wannan doka ya tsaya: a hana kamun kifi na tsawon shekara, a buɗe rana ɗaya.

Kada a ɗauka wancan zamani aljanna ne. An sha fari mai tsanani a 1973 da 1984, an ci wuyar yunwa, kuma ƙyanda da sanƙarau da zazzaɓi suna kwashe yara. Wani ɓangare na ƙaruwar jama'ar da ake gani yau ya samo asali ne daga alherin da aka samu: rigakafi, da asibiti, da rijiyar burtsatse sun sa yaran da a da za a binne suna rayuwa. Wannan abin godiya ne ga Allah, kuma duk wanda zai yi maganar yawan jama'a ya kamata ya fara daga nan. Amma tsarin rabon fadama an gina shi ne a lokacin da ƙasa ta fi ƙarfin hannuwan da ke nomanta.

Lissafin

Ƙidayar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, ta nuna mutum kimanin miliyan 2.07. Ƙidayar 2006 ta nuna miliyan 3.26. A shekara 15 ke nan an samu ƙarin mutum sama da miliyan ɗaya, wato kusan kashi 3 cikin 100 duk shekara. Al'ummar da ke ƙaruwa da wannan gudu takan ninka kanta a cikin shekara 23 ko kusa da haka. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya gano cewa mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar yara 6.6 a matsakaici, alhali na Nijeriya gaba ɗaya 5.3 ne. Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi, don haka gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi suna tsara makaranta da asibiti da ruwan sha ne a kan hasashe.

Manomi ba ya ganin waɗannan alƙaluma a takarda. A ranar rabon gado yake ganin su. A ce wani dattijo ya rasu ya bar eka goma sha biyu a fadama, da 'ya'ya maza huɗu da mata huɗu. Kowane namiji zai tashi da eka biyu, kowace mace da eka ɗaya, ba a ma cire tumunin matansa ba. In kowane ɗa namiji ya bar irin wannan zuri'a, jikan dattijon zai gāji abin da bai kai rabin eka ba. Kakansa yana noma ya ci ya sayar ya bar wani yanki saura, ƙasa ta huta shekara biyu ko uku. Shi jikan ba shi da abin da zai bari ya huta. Dole ya nome gonar da damina, ya nome ta da rani, ya kuma nemi ƙari a inda ba a taɓa sa garma ba: gefen tafki, bakin gulbi, hanyar shanu. Duk sauran abin da ke tafe a wannan nazari daga wannan tsaga-tsagar gona ya fito.

Madatsun ruwa da injin ban-ruwa

Abu biyu sun faɗo wa fadamar daga waje a daidai lokacin da jama'a ke hauhawa. Na farko madatsun ruwa. An kammala dam ɗin Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978, na Goronyo kuma a kan Rima a shekarun 1980. Dukansu an gina su ne don noman rani da ruwan sha, buƙatun da su ma yawan jama'a ne ya haife su. Sai dai ruwan da aka tare a sama shi ne wanda a da yake malala a ƙasa. Masu binciken da suka bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori bayan an rufe shi sun tarar malala ta ragu a faɗi da zurfi, manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kamun kifi kuma ya ja baya.

Na biyu ƙaramin injin ban-ruwa da rijiyar da ake haƙawa da bututu a cikin gona. Shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa tun farkon shekarun 1990, shi ya yaɗa su. A fadamar Argungu ruwa ba shi da nisa a ƙasa, don haka da rijiya ɗaya da inji da tiyo mutum zai iya noman shinkafa tsakiyar bazara. Daga baya, a watan Nuwamba na 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Nijeriya, lokacin Gwamna Atiku Bagudu. Aka ba manoma bashin iri da taki da inji. A 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, sannan rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya ƙara wa shanshera daraja.

Ba zan raina wannan ba. Samarin da a da suke tafiya cin rani da zarar an kwashe amfani sun samu dalilin zama gida. An yi aure da kuɗin shinkafa, an yi rufin kwano, an sayi babur, an je Makka. Noman rani shi ne amsar da mutanen wurin suka ba ƙarancin ƙasa, kuma amsa ce ta masu hankali: tunda gona ba za ta faɗaɗa ba, a sa ta haihu sau biyu. Abin da ba a lissafa ba shi ne cewa watannin da aka ƙara wa manomi ba watannin banza ba ne. Na makiyayi ne da na masunci.

Wanda aka ture

Bafulatanin da ya gangaro a watan Janairu, kamar yadda ubansa da kakansa suka saba, yanzu kore shar yake tararwa daga bakin tudu har bakin ruwa. Burtalin da zai bi ya kai shanu mashaya an nome shi, ko an matse shi har saniya biyu ba sa iya jerawa. Karan shinkafa da a da kyauta ne yanzu sayar da shi ake yi, don mai gonar shi ma yana da tumaki da shanun noma a gida. Kuma ba mutane kaɗai suka ƙaru ba, dabbobi ma sun ƙaru, har da na 'yan kasuwa da ma'aikatan birni da ke ba da kiwo. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa tana nan tun 1965, amma makiyayar da ba a kafa mata turaku ba, ba a kuma tsare ta ba, kowace damina sai an ɗan ci gefenta. Saniya ta shiga shinkafa, a kai ƙara gaban hakimi ko 'yan sanda, a ci tara, a tafi da ƙullaci. Maƙwabciyarmu Zamfara ta nuna inda irin wannan ƙullaci kan kai idan ya haɗu da rashin adalci da bindiga. Ba yawan jama'a kaɗai ya jawo abin da ya faru can ba, amma rigimar gona da burtali tana cikin tushensa, kuma wanda ke zaune a Kebbi bai kamata ya ga abin kamar labarin wata ƙasa ba.

Asarar masunci ta fi shiga a hankali, shi ya sa ba a jin ƙararta. Malala ta ragu, wurin zuba ƙwai ya ragu. Gefen tafkin da ciyawa ke rufewa ya zama gona. Injuna suna zuƙe tafkuna kafin lokacin kamun kifi ya yi. Maganin kashe ciyawa da na ƙwari da ragowar takin zamani duk a ruwa suke ƙarewa. Sannan hannuwan da ke su sun yi yawa, kuma yawancin sababbin ba su gāji sana'ar ba, talauci ne ya tura su, don haka ba su san dokar ruwa ba balle su ji tsoronta. Raga mai ƙananan idanu tana kwaso gargaza da tarwaɗa tun ba su kai yatsa ba. Tsofaffin masunta za su gaya maka giwan ruwa da yauni irin na da sai an yi sa'a. Bikin Argungu kansa, da Hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya tsaya bayan na 2009 bai dawo ba sai a 2020. Matsalar tsaro ce babban dalili, amma ƙarancin ruwa da cikewar gulbi da yashi suna cikin abin da ake kuka da shi.

Yashin nan daga tudu yake zuwa, kuma labarinsa labarin itace ne. Kowane gida sabo murhu ne sabo. Matan da ke turara shinkafa su yi gumi suna ƙona itace mai yawa, haka masu gidan burodi da masu ƙyafe kifi, ga kuma buhunan gawayi da ake lodawa zuwa birane. Kirya da marke sun yi wuya a kusa da gari. An koma sassabe sabara da kalgo, har gawo da ɗorawa da manomi ke bari a gona saboda amfaninsu ba su tsira ba. Ƙasar da aka tuɓe wa itatuwa ba ta riƙe ruwa. Ruwan sama na farko yakan kwashe ta ya zuba a gulbi, gulbi ya cike, ya rasa zurfin ɗaukar ruwa. Shi ya sa wuri ɗaya yake fama da ƙarancin ruwa da rani, da ambaliya da damina. A 2020 ruwa ya shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Kebbi, ya rusa gidaje da gadoji. Sabuwar shinkafar da ake nomawa yanzu gajera ce, ba ta bin ruwa kamar ta gargajiya, kwana kaɗan a nutse ta ruɓe. Gidajen da suka rushe kuma da yawansu an gina su ne a inda magabata suka san hanyar ruwa ce, don gari ya cika ba fili.

Me yawan jama'a ya yi, me bai yi ba

A ganina kuskure ne a ɗora komai a kan haihuwa, kamar yadda wasu masu zuwa daga nesa kan yi. Ba talaka mai 'ya'ya tara ne ya tsara yadda ake sakin ruwan Goronyo ba. Ba shi ne ke sayen eka ɗari a fadama ya kewaye ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna da ƙananan hukumomi, kuma sau da yawa mai hanya ne ke samun rabo. Sauyin yanayi ma, da ya sa damina ke makara ta kuma zubo da ƙarfi lokaci ɗaya, ba Argungu ce ta jawo shi ba.

Amma kuskure ne kuma, kuma shi ne namu, a ce yawan ba ya da nasa laifi. Mukan ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma gaskiya ne arziki na Allah ne. Sai dai wanda ya faɗi haka ba ya fasa zuwa gona, ba ya kuma cinye irin shuka. Yaron da aka haifa a Gulma yau, in Allah ya raya shi, nan da shekara 20 zai nemi gona, ko ruwan su, ko wata sana'a. Ta farko da ta biyu mun ga halin da suke ciki. Ta uku kuwa tana buƙatar karatu, kuma Kebbi tana cikin jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. Nan ne matsalar ta fi tsanani. Ƙasashe da yawa sun fi mu cunkoso, amma yawancin mutanensu ba daga ƙasa kai tsaye suke ci ba. Mu kuwa kusan kowane sabon baki fadama yake kallo.

Wani rauni kuma shi ne noman ranin ya rataya ne a kan fetur. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, daga baya ta ƙara gaba. Mai rabin eka da ke kunna inji kusan kullum ya ga lissafinsa ya ruguje. Masu hali sun koma injin sola. Marasa hali sun ba da jinginar gona, ko sun sayar sun zama 'yan ƙwadago a ƙasar ubansu. Sola ta sauƙaƙa kuɗi, amma tunda rana ba a sayenta, ba abin da ke sa mutum ya kashe inji, kuma ruwan ƙarƙashin fadama malalar damina ce ke mayar da shi, malalar da aka riga aka rage.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne cewa wurin yana da tsohon ilimin raba abu ɗaya tsakanin mutane da yawa. Rufe ruwa da buɗe shi da Sarkin Ruwa ke yi shi ne ainihin abin da masana kiwon kifi ke ba da shawara a yau. Matan Fada shaida ce: inda aka hana kamu, kifi yana girma. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa wannan zuwa sauran tafkuna, a ba masu sarautar ruwa goyon bayan doka da na ƙaramar hukuma, a kuma hana sayar da raga mai ƙananan idanu tun daga kasuwa. Haka burtali. A zauna da hakimai da arɗo-arɗo da sarakunan noma a sake auna shi, a kafa turakun siminti, a biya wanda gonarsa ta faɗa ciki. Yin haka yana da tsada da ɓacin rai, amma bai kai tsadar gari ɗaya da aka tasa ba. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, wadda ke riƙe da madatsun, ita ma tana iya tsara sakin ruwa ta yadda fadama za ta samu malalarta a kan kari, ta kuma sanar da mutanen ƙasa kafin ta buɗe ƙofa. Ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injinan casa makamashi ne da zai rage wa masu gumi sayen itace, kuma Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin dasa itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa, ko da yake dashe ba ya zama itace sai an samu mai ba shi ruwa da kare shi daga awaki.

Maganar tazarar haihuwa kuwa ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Iyayenmu mata sun san illar kwanika, sun san goyon ciki da goyon baya lokaci ɗaya yana karya mace, kuma addini ya zo da shayarwa ta shekara biyu cikakku. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da sabunta manufar yawan jama'a a watan Fabrairun 2022, amma takarda a Abuja ba ta isa ɗakin matar da ke Alwasa. Wanda ke isa shi ne ungozoma, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, da limamin da mijinta ke saurara. Kuma binciken 2018 da aka ambata ya nuna abin da ake gani a ko'ina: matan da suka yi sakandare suna haihuwar yara kaɗan idan aka kwatanta da waɗanda ba su shiga aji ba, yaransu kuma sun fi rayuwa. Ajin da yarinya za ta zauna a ciki har ta gama yana da alaƙa da girman gonar da jikokin gidan za su gāda, ko da yake sai an yi shekaru kafin a gani.

Ko da an fara duk wannan gobe, waɗanda za su nemi gona nan da shekara 15 an riga an haife su, suna nan suna korar tsuntsayen jan-baki a gonakin iyayensu. Fadama ba za ta ɗauke su duka ba. Wasu dole su ci daga shinkafa ba tare da sun noma ta ba: casa, sufuri, gyaran inji da sola, kiwon kifi a tafkin gina, haɗa abincin dabbobi da dusa. Kafin a san nawa za a tanadar wa wannan, sai an san nawa ne su, an kuma san eka nawa ce ta rage a fadamar da nisan da ruwan ƙarƙashinta ke ja baya duk rani. Auna ukun nan aiki ne da jihar Kebbi da masarautar Argungu za su iya farawa da kansu, gunduma bayan gunduma, ba sai sun jira ranar da Abuja za ta sa wa ƙidaya ba.